Daga Kunne zuwa Na'ura: Gano Ciwon Inji a Garejojin Ɗan Barto

Sana'ar kanikanci a Ɗan Barto, garin da ke bakin iyaka a kan hanyar da ta ratsa Matameye ta faɗa Kongolam da Daura, ta ginu ne a kan motocin haya da na lodi masu jiran sallamar duwan, wato kwastan, shi ya sa har yau kanikawan wurin ke aiki da kalmomi biyu-biyu, na Faransanci da na Ingilishi da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Abin da ake kira buji a Damagaram shi ne fulogi a Daura, wato ƙarfen da ke tartsatsin wuta a cikin silinda domin fetur ya kama, haka nan bobin shi ne kwayil mai ƙara ƙarfin wutar batir, delko kuwa shi ke raba wutar ga silindoji bi da bi.

A zamanin Peugeot 404 da 504, musamman bayan da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kunne da hannu su ne kayan awon gwani. Idan inji yana misin, ma'ana wata silinda ta daina ƙona manta har mota na gargada ta kasa ja, sai bakanike ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka zare amma kukan inji bai sauya ba ita ce ta matacciyar silinda. Daga nan ake karanta bakin fulogin kamar allo, domin busasshen baƙi yana nuna kafireta na ba da fetur fiye da kima, jiƙewa da baƙin mai alamar ringi sun cinye ce, fari fat kuwa iska ce ta rinjaya. Idan dukkan silindojin ne ke cijewa, zargi ya koma kan filatin, 'yan ƙarafa biyun da ke buɗewa da rufewa cikin delko, waɗanda ake gogewa a daidaita tazararsu. Wannan ilimi ne na gaske, wanda yaron gareji ke shafe shekaru yana kwankwaɗa, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba.

Sai dai sau da yawa ciwon injin kan iyaka daga tanki yake farawa. Man 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da fetur a jarkoki da kwalabe, yakan zo da ruwa ko yashi, ga kuma ƙurar hunturu mai toshe matatar iska, don haka gogaggen bakanike yakan fara tambayar direba inda ya sha mai kafin ya ɗauki sifana. Buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 da janye tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 sun sauya hanyoyin da fetur ke bi, amma ba su kawar da jarka ba.

Shigowar tsofaffin motocin Turai ta tashar Kwatano ta kawo inji mai injekta, wanda kwamfuta ke auna masa mai da lokacin wuta, ba filatin ba kafireta. Tsarin OBD-II, wanda Amurka ta wajabta a 1996, ya ba da damar jona na'ura ta fitar da lamba, misali P0301 da ke nufin silinda ta ɗaya na misin. Lambar tana nuna wurin ciwo ne kawai, ba ta rarrabe tsakanin mataccen kwayil da toshasshiyar injekta da bawul ɗin da ya ƙone, shi ya sa matashin da ya sayi na'ura bai zauna gaban maigida ba kan sa mai mota sayen kaya barkatai, alhali wanda ya koyi zare waya sai ya musanya kwayil tsakanin silinda biyu ya ga ko ciwon zai bi shi.