Ziyara Gidan Arewa: Littattafan Kakanninmu

A hutun da ya wuce muka tashi daga Gafasa, muka bi ta Gaya da Kano, har Kaduna, don mu ga Gidan Arewa. Gidan Sardaunan Sakkwato ne a dā, cikin 1970 aka mai da shi wurin ajiyar tarihi. A can muka tarad da littattafan Larabci da na ajami, rubutun hannu, warƙa warƙa, tawadarsu baƙa wuluk kamar jiya aka zuba. Muka tsaya tsit.

To, 'yan makaranta, ta ina littattafai suka shigo ƙasarmu? Tarihin Kano ya ce zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga. Kafin nan abin da malamanmu ke da shi Alƙur'ani ne da fiƙihu da hadisi. A zamanin nan kuwa Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zo ya zama Sarkin Gaya, watau sarautar da ke kusa da mu sa'ar littattafan nan ce. Zamanin Muhammadu Kisoki, 1509 zuwa 1565, Shehu Tunus ya kawo Ashafa, Shehu Abdussalami ya kawo Mudawwana. Daga nan sai kwafa: almajiri ya ari na malaminsa, ya feƙe alƙalami, ya yi wata da watanni yana rubutu.

Ba mu kaɗai ke wannan tattali ba. Mutanen Butan, can cikin duwatsun Himalaya, mabiya addinin Buda, sun kafa wa littattafansu gida a Timfu cikin 1967. Abin mamaki, nasu ma warƙa warƙa ne, sai dai su da ƙyalle suke naɗewa su sa tsakanin alluna biyu, mu kuwa sai tadarishi da gafaka.

Abin da ya dame mu a hanyar dawowa shi ne waɗanda ba su kai Kaduna ba. Gafaka nawa ke rataye a zaurukan Gaya da Ajingi, mai ita ya rasu, magada ba su buɗe ba? A Tambutu cikin 2013 wuta ce ta cinye dubbai, duniya ta yi kuka. Namu gara ke ci da ɗigon damina, ba mai ji.

In kun koma gida, ku nemi izinin dattawa a sauko da gafakar. Kada ku birkita warƙoƙin, don sau da yawa ba lamba a jikinsu. Ku duba warƙar ƙarshe, nan magabata kan sa sunan marubuci, wani lokaci har da ranar da ya gama. Ku kwafo mana shi.