Wada Ɗanmu Ne: Tarihin Yadda Aka Gano Sirrin Gajertar Ƙashi

Daga Alajo zuwa Nima da Maamobi, duk mun san yadda ake yi idan aka haifi yaro mai gajerun gaɓoɓi da babban kai. A ce aljanu sun musanya shi, ko a ce uwar ta fita da tsakar rana tana da ciki. Maƙwabtanmu Akan suna da labaran mmoatia, gajerun halittun daji. A wasu ƙauyukan Kasena-Nankana da ke arewacin Gana, an taɓa kashe jarirai masu naƙasa da sunan 'ya'yan iskoki, har sai da sarakunan yankin suka haramta al'adar a 2013, shekarar da Anas Aremeyaw Anas ya fito da bincikensa a kanta.

Tarihi ya nuna cewa ba ko'ina aka wulaƙanta wadanni ba. A Masar ta dā, sama da shekara 4,000 da suka wuce, wani wada mai suna Seneb ya zama babban jami'in fadar Fir'auna. Mutum-mutuminsa, tare da matarsa da 'ya'yansa biyu, yana gidan tarihi na Alƙahira.

Likitan Faransa Jules Parrot ne ya raɗa wa wannan gajerta suna akondoroplasiya a 1878, amma sai a 1994 masana a Amurka da Faransa suka gano tushenta. Ƙashin hannu da na ƙafa yana tsawo ne daga guringuntsin da ke bakinsa, kuma akwai ƙwayar gado mai suna FGFR3 da ke aiki kamar birki ga wannan tsiro. Idan harafi ɗaya ya sauya a cikinta, sai birkin ya kama da ƙarfi, ƙashi ya kasa miƙewa. Hankalin yaron kuwa lafiya lau yake.

Ana samun wannan a kusan haihuwa ɗaya cikin 25,000. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗannan yara iyayensu masu tsawo ne, domin sauyin sabo ne, kuma kusan kullum daga maniyyin uba yake fitowa, musamman idan shekarunsa sun ja. Ke nan uwar da muke zargi ba ta da laifi, uban ma haka, tunda ba aikin hannun kowa ba ne. Wanda yake wada kuwa, kowane cikin da aka ɗauka rabi da rabi ne ɗan ya gaje shi.

Akwai kuma ciwon gautsin ƙashi, wanda Willem Vrolik na Holan ya sa wa suna a 1849. Yawanci matsalar tana cikin ƙwayoyin gadon da ke ƙera sinadarin kolajin. Yaro ya karye daga ɗan tuntuɓe, farin idonsa ya yi shuɗi-shuɗi. Muna girmama masu ɗorinmu, amma irin wannan ƙashi ba ya son ja da matsa. Wasu nau'o'in da ba su da yawa sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar suke bayyana, shi ya sa auren zumunci yake ƙara yiwuwarsu.

Kada kuma mu ɗauki kowace lanƙwasar ƙafa gado ce. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci yana kawo ta, kuma tana jin magani.

Abin da ya rage mana shi ne mu daina ɓoye yaran nan a ɗaka. Mu kai su Korle Bu a duba numfashinsu, kunnuwansu da ƙashin bayansu tun suna ƙanana. Mu sa su makarantar allo da ta boko, domin dokar naƙasassu ta Gana ta 2006 ta ba su haƙƙin karatu kamar kowa. Allah Ya raya mana zuri'a baki ɗaya, amin.