"Gas Ya Fita": Tarihin Iskar da ke Zagaye a Bayan Firji

Duk wanda ya taɓa kiran mai gyaran firji ya san maganar da za ta fara fitowa daga bakinsa da zarar ya dafa bayan akwatin: "Gas ya fita." Sai a yi ciniki, a yi ɗuri, kowa ya kama gabansa. Ba kasafai muke tambayar wane irin gas ba ne. Alhali kuwa wannan 'yar iska da ke zagaye cikin siraran bututu ta kashe mutane a kan gadajensu, wadda ta gaje ta kuma ta huda rufin sama, har sai da ƙasashen duniya suka zauna a kanta.

Firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa. Dabarar randa ce: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, ya tafi da zafin na ciki. A firji, kwampreso ne ke matse gas, ya huce a bututun baya ya zama ruwa, sannan a sake shi a bututun ciki ya koma iska, ya zuƙe zafin tuwo da miyar da aka ajiye. Shi ya sa bayan firji ke ɗumi, shi ya sa kuma wanda aka manna da bango, ko ƙura ta lulluɓe bayansa, yake shan wuta bai yi sanyin kirki ba. Tambayar da ta sha kan injiniyoyi shekaru da yawa ita ce: wace iska za a zuba?

Kafin a kai ga wannan, ƙanƙarar Allah aka dogara da ita. A 1806 wani matashi ɗan Boston, Frederic Tudor, ya loda wa jirgin ruwa ƙanƙarar da aka sassaro daga tafki lokacin hunturu, ya nufi tsibirin Martinique. Ya tafka asara, daga baya ma bashi ya kai shi kurkuku. Bai daddara ba. Ya gano cewa garin katako na hana ƙanƙara saurin narkewa, kuma a 1833 ya aika tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya. Bayan tafiyar wata huɗu, kimanin tan 100 suka isa. Daga wannan ciniki gidajen Amurka suka saba da akwatin katako mai ɗakin ƙanƙara a sama, da mai keken doki da ke kawo musu dunƙule a ƙofa.

Injin kuwa ya riga shiga masana'anta. Jacob Perkins ya yi rajistar na farko a Landan a 1834, sannan a shekarun 1870 Bajamushe Carl von Linde ya ƙera mai aiki da ammoniya don kamfanonin giya. Shigarsa gida ce ta zo da matsala. Firjin General Electric na 1927, wanda ake kira Monitor Top saboda injin da ke zaune a kansa kamar rawani, da sulfur dioxide yake aiki; wasu kuma da methyl chloride. Dukkansu guba ne. Na farkon aƙalla yana da wari mai shaƙe maƙogwaro, yakan tashi mai barci. Na biyun ba ya sallama, kuma a 1929 yoyonsa ya hallaka mutane a gidajen Chicago.

Har Albert Einstein sai da abin ya dama. Shi da Leo Szilard sun tsara firji marar kwampreso don kauce wa yoyo, suka sami rajistarsa a Amurka a 1930. Bai shiga kasuwa ba, domin a wannan shekarar ce Thomas Midgley, masanin sinadarai da ke aiki da General Motors, ya tsaya gaban taron ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, ya shaƙi sabon gas cike da huhunsa, ya hura shi kan kyandir ya kashe. Ba guba, ba kama wuta. Aka raɗa masa suna Freon. Shekara goma bayan haka, ƙidayar 1940 ta nuna kashi 44 cikin ɗari na gidajen Amurka na da firji. (Midgley ɗin nan dai shi ne ya kawo dabarar zuba dalma a fetur. Mutum ɗaya, ɓarna biyu, ko da yake a kan Freon ban ga laifinsa sosai ba: da ilimin zamaninsa, maganin da ya kawo na gaskiya ne.)

Abin da ya sa Freon ya zama lafiya lau a ɗaki shi ne ya sa ya zama bala'i a sama. Ba ya haɗuwa da komai, ba ya ruɓewa, sai ya yi ta hawa har inda hasken rana ke farfasa shi, sinadarin kulorin da ke cikinsa ya shiga cin ozon, rufin da ke tare mana hasken da ke jawo sankarar fata da yanar ido. Mario Molina da Sherwood Rowland ne suka bayyana haka a 1974, masana'antu suka yi ta musu. A 1985 masu binciken Birtaniya a Antaktika suka auna ramin. Shekara biyu kacal aka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal, wadda a yau babu ƙasar da ba ta ciki. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ramin zai cike wajen 2066.

Magajin Freon, R134a, bai taɓa ozon ba, amma wajen dumama duniya ya ninka iskar kabon sau fiye da 1,400, abin da ya kai ga gyaran Kigali na 2016.

A nan ne labarin ya iso ƙofarmu. Firjin da Turai ta yar saboda tsohon gas da shan wuta, da yawa jirgi ya sauke su a Afirka ta Yamma, muka saye su a matsayin 'yan gwanjo muna yaba ƙarkonsu. Gana ta fara aiwatar da haramcin shigo da su a 2013, kuma suna cikin jerin kayan da kwastan ta Najeriya ta hana, ko da yake wanda ya zaga kasuwa ya san hani daban, aiki daban.

Sababbin kuwa galibi da R600a suke aiki, wato isobutane, dangin gas ɗin girki, wanda wani kamfanin gabashin Jamus ya fara sa wa firjin gida a farkon shekarun 1990 tare da ƙungiyar Greenpeace. Ba ya cutar da ozon, kuma abin da ake zubawa bai kai giram 150 ba. Sai dai yana kama wuta. Mai ɗaukar wuƙa ta ɓamɓari ƙanƙarar firiza, ta sani bututun na kwance ƙarƙashin wannan farin gwangwanin. Gara a zare soket, a bar ƙofa buɗe, ƙanƙarar ta narke da kanta. Mai gyara kuma da ya zo da tukunyarsa, a sa ya duba takardar da ke manne a jikin kwampreso tukuna, domin kowane inji da gas ɗin da aka ƙera shi a kai, kuma firjin da ba ya yoyo ba ya buƙatar ɗuri ko da ya shekara ashirin.