Sayen keken farko: Gwaji kafin ciniki

Mai neman keken farko a yankin Birnin Malam da ke jihar Kebbi yakan nufi kasuwar Jega.

Ba araha ce ke nuna shagon ƙwarai ba. Shagon ƙwarai shi ne wanda ke barin mai saye ya hau ya gwada, yana kuma da makanikin da zai daidaita sirdi da birki.

Idan mutum ya tsaya, sandar keken na tsakanin ƙafafunsa, ana so ya samu rata ta santimita 2 zuwa 5. In ya zauna, feda tana ƙasa, gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, domin sirdin da ya cika yin ƙasa kan jawo ciwon gwiwa.

Manyan kekuna masu taya inci 28, irin su Raleigh da Phoenix, sukan yi wa gajeren mutum tsawo.