Tarihin Karayar Guringuntsin Girma a Kwatangwalo

Mai karatu, idan ɗanka mai shekara 12 ya soma ɗingishi yana kukan ciwon gwiwa, sai ka sa a duba kwatangwalonsa, domin sau da yawa daga can ciwon ke tasowa. Likitoci sun ɗauki ƙarnuka kafin su gane dalili.

Tun a shekarar 1572 likitan tiyata na Faransa, Ambroise Paré, ya bayyana yadda kan ƙashin cinyar matashi kan rabu da wuyansa. A 1727 Stephen Hales na Ingila ya huda alamomi biyu a ƙashin ƙafar ɗan tsako, da ya girma ya tarar tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaru ba. Daga nan aka fahimci cewa ƙashi daga bakinsa yake tsawo, a wani siririn layin guringuntsi. Layin nan ya fi jijiyoyin gaɓa rauni, shi ya sa bugun da zai jawo wa babba targaɗe kan jawo wa yaro karaya.

Da Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895, sai ido ya ga abin da hannu ke lalube. A 1898 John Poland ya wallafa littafi sukutum kan irin wannan rabuwa. A 1963 Robert Salter da Robert Harris na Toronto suka kasa ta gida biyar, kason da likitocin dabbobi ma suka ɗauka.

A kwikwiyo, yawanci bugun mota ko faɗuwa ke raba kan ƙashin kafin ya cika shekara. A yaro kuwa, tsakanin shekara 10 zuwa 16, kan ƙashin kan zame ne sannu a hankali, musamman ga mai ƙiba. Haɗarin ɗaya ne: jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin suna iya tsinkewa, ƙashin ya mutu, gurguntaka ta biyo baya. Maganin shi ne tiyata, a kafe ƙashin da ƙarfe.

Saboda haka kada a ja ƙafar, kada a murza ta da sunan ɗori. Hana shi taka ta, ka kai shi asibiti a ɗauki hoton kwatangwalo biyun a ranar.