Ɗan tsakiya a ƙwallon kwando: yadda ƙungiyoyi ke neman magajinsa, da darasin Masai Ujiri na Zariya

A wasan ƙwallon kwando kowace ƙungiya na shigar da 'yan wasa biyar fili a lokaci guda, kuma kowannensu na da gurbinsa. Gurbi na biyar shi ne na ɗan tsakiya, wanda masu wasan ke kira senta ko lamba biyar. A bisa al'ada shi ne mafi tsawo a cikin tawagar, kuma wurin tsayawarsa ƙarƙashin kwando ne, wanda ke rataye a tsayin mita 3.05 daga ƙasa. Masu kula da ƙungiyoyin ƙwararru sun daɗe da sanin cewa wannan gurbi ne mafi wuyar cikewa idan mai shi ya tsufa, ko ya ji rauni, ko ya koma wata ƙungiya.

Aikin ɗan tsakiya

Aikinsa na farko tsaron kwando ne. Duk abokin hamayyar da ya kutso kusa don jefa ƙwallo, da shi zai yi karo, ko dai ya doke ƙwallon tun tana tashi ko kuma ya sa mai jifan ya canja shawara. Aiki na biyu shi ne cafe ƙwallon da aka jefa ta kuskure kwando, domin wanda ya cafe ta shi ya ba ƙungiyarsa damar kai sabon hari. Na uku shi ne tsayawa a matsayin shinge, wato ya tare mai tsaron abokin wasansa da jikinsa don a samu hanya. A 'yan shekarun nan an ƙara masa wasu nauye-nauyen: ana so ya iya raba ƙwallo ga abokan wasa, ya iya jifa daga nesa inda ake samun maki uku, ya kuma iya bin gajerun 'yan wasa masu sauri idan aka ja shi waje.

Wahalar samun irin wannan mutum daga halitta take farawa. Yawancin masu riƙe gurbin a manyan gasanni tsawonsu ya haura mita biyu da 'yan santimitoci, kuma masu irin wannan tsawo kaɗan ne a kowace al'umma. A cikin kaɗan ɗin ma ba kowa ne ke da saurin ƙafa da taushin hannu ba. Ga shi kuma nauyin jiki kan sa dogayen 'yan wasa yawan fama da ciwon gwiwa da tafin ƙafa da baya.

Hanyoyin neman magaji

A gasar NBA ta Amurka da Kanada, mai ƙungiyoyi 30, hanyoyi huɗu ne sanannu. Ta farko ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a watan Yuni na kowace shekara, zagaye biyu, inda ƙungiyoyin da suka fi shan kaye kan sami damar zaɓe da wuri. Wannan hanya tana da araha, amma tana buƙatar haƙuri, domin dogayen matasa kan ɗauki shekaru kafin su ƙware. Ta biyu ita ce musaya, inda ake ba da 'yan wasa ko damar zaɓe ta wata shekara mai zuwa a karɓi wanda ake so, kuma ana rufe ƙofar musayar a watan Fabrairu. Ta uku ita ce ɗaukar wanda kwantiraginsa ya ƙare, sai dai dokar ƙayyade jimillar albashi kan hana ƙungiya kashe yadda ta ga dama. Ta huɗu ita ce renon na gida, ko dai daga benci ko daga ƙaramar ƙungiyar da ake horar da matasa.

Misalin hanya ta farko ya shafi ɗan Najeriya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda Houston Rockets ta zaɓa na ɗaya a 1984, ya ci mata kofi a 1994 da 1995, kuma har yau shi ke riƙe da tarihin doke jifa mafi yawa a gasar, sau 3,830. Da ya bar ƙungiyar a 2001 zuwa Toronto, Houston ta yi kaka guda cikin rashin nasara, sannan a 2002 ta sami zaɓen farko ta ɗauki Yao Ming na ƙasar Sin, mai tsawon mita 2.29. Ba kowace ƙungiya ce ke samun irin wannan sa'a ba.

Mutumin Zariya a Toronto

Labarin da ya fi nuna yadda wannan nema yake shi ne na Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Kenya, amma a Zariya ya tashi, kuma a nan ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, kocin nan ɗan Amurka da ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ya fara da aikin farautar 'yan wasa masu hazaƙa, ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na gasar a 2013, kuma a wannan shekarar ya karɓi ragamar Toronto Raptors.

Ɗan tsakiyan da ya tarar shi ne Jonas Valanciunas na ƙasar Lituweniya, wanda ƙungiyar ta zaɓa na biyar a 2011. Mutum ne mai ƙarfi da iya cin maki kusa da kwando, amma ba shi da saurin da zai kare fili idan aka ja shi nesa. A 2018 Ujiri ya ba da DeMar DeRozan da wani matashin ɗan tsakiya, Jakob Poeltl na Ostiriya, ya karɓo Kawhi Leonard, wanda shekara ɗaya kacal ta rage a kwantiraginsa. Ma'anar haka ita ce ƙungiyar na da kaka guda ta cin kofi ko a yi asara.

A watan Fabrairu na 2019, ana dab da rufe musaya, Toronto ta miƙa wa Memphis Grizzlies Valanciunas da Delon Wright da C.J. Miles da damar zaɓe ta zagaye na biyu, ta karɓi Marc Gasol na Sifaniya. Gasol yana da shekara 34 a lokacin, ya girmi wanda ya gada da shekara bakwai, kuma ƙarfin cin makinsa ya ragu. Abin da aka saya a wurinsa shi ne basirar tsaro, wadda ta sa aka ba shi kyautar gwarzon mai tsaro a 2013, da iya raba ƙwallo, da jifa daga nesa. An kuma yi cinikin ne da wani abokin hamayya takamaimai a zuciya, wato Joel Embiid ɗan Kamaru na Philadelphia. Ƙungiyoyin biyu sun haɗu a zagaye na biyu na wasannin fitar da gwani, suka buga wasa bakwai, Gasol ya takura wa Embiid, Toronto ta wuce. A watan Yuni ta doke Golden State Warriors da wasa huɗu da biyu, ta ɗauki kofinta na farko.

Shekarun neman

Abin da ya biyo baya shi ne ɗaya gefen darasin. A watan Nuwamba na 2020 Gasol ya koma Los Angeles Lakers, Serge Ibaka, haifaffen Brazabil wanda ke raba gurbin da shi, ya tafi Los Angeles Clippers. A cikin mako guda ƙungiyar ta rasa 'yan tsakiyanta biyu ba tare da ta karɓi komai ba. Ta ɗauki Aron Baynes na Ostireliya da Alex Len na Yukiren daga kasuwar waɗanda ba su da kwantiragi. An sallami Len tun a Janairu, Baynes kuma bai cike gurbin ba. Ƙungiyar da ta ci wasa 53 a kakar da ta gabata sai ta ƙare da nasara 27 da kaye 45, a kakar da annobar korona ta tilasta mata buga wasannin gida a Tampa ta jihar Fulorida.

Daga nan sai aka gwada wata dabara, wato a yi wasa ba tare da ɗan tsakiya na gargajiya ba, a cika fili da 'yan wasa masu tsawon kimanin mita biyu da dogayen hannuwa, kowa ya iya tsaron kowa. A 2021 aka kawo Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, mai tsawon mita 2.03, a cinikin da ya kai Kyle Lowry Miyami, aka kuma riƙe Khem Birch ɗan Kanada. Dabarar ta kai su ga nasara 48 a kakar 2021 zuwa 2022, amma a zagayen farko na fitar da gwani suka sake haɗuwa da Philadelphia da Embiid, aka cire su a wasa shida. A 2022 suka zaɓi Christian Koloko ɗan Kamaru, wanda matsalar lafiya ta katse masa hanya har aka sallame shi a farkon 2024.

A watan Fabrairu na 2023 Ujiri ya koma kan Poeltl, wanda ya bayar shekara huɗu da rabi da suka wuce. Don dawo da shi daga San Antonio Spurs sai da Toronto ta ba da Birch da damar zaɓe ta zagayen farko da biyu na zagaye na biyu, sannan a bazarar shekarar ta ba shi kwantiragin shekara huɗu na kimanin dala miliyan 80. An cike gurbin, amma ƙungiyar ta riga ta fara wargajewa. A kakar 2023 zuwa 2024 wasa 25 kawai ta ci, kuma damar zaɓen da ta bayar ta faɗo a lamba ta takwas, San Antonio ta amfana. Ujiri ya rabu da ƙungiyar a watan Yuni na 2025.

Waɗannan ciniki biyu sun nuna cewa farashin ɗan tsakiya ya danganta da lokacin da aka saye shi. An ɗauki Gasol ne sa'ad da sauran gurabe huɗu suka cika, shi ya sa tsufansa bai zama aibi ba. An dawo da Poeltl ne bayan fiye da shekara biyu ana faci, lokacin da kowa ya san Toronto na cikin buƙata, kuma mai buƙata ba ya taya kaya da arha.

A gida Najeriya

Ƙungiyoyin gida irin su Kano Pillars, wadda ta sha cin gasar ƙasa, da Rivers Hoopers, wadda ta wakilci Najeriya a gasar BAL ta Afirka da aka fara a Kigali a 2021, ba su da tsarin zaɓe irin na NBA. Ƙungiya kan reni nata ɗan tsakiyan, ko ta ɗauko daga wata ƙungiyar, ko ta yi hayar baƙo na ɗan lokaci idan za ta gasar nahiya. Babbar matsalarta ita ce dogon matashin da ya nuna hazaƙa kan samu gurbin karatu a Amurka ko kwantiragi a Turai tun kafin ya balaga a wasan. Solomon Alabi, haifaffen Kaduna mai tsawon da ya haura mita 2.10, ya bi wannan hanya zuwa Jami'ar Jihar Fulorida, aka zaɓe shi na 50 a 2010, ya kuma buga wa Toronto kaka biyu.

Ujiri ya fara shirya sansanonin horo a Najeriya tun 2003, har da na musamman don dogayen samari, aikin da ya zama gidauniyar Giants of Africa. Ga iyaye da malaman makaranta a ƙananan hukumomin da ke kewaye da Zariya, irin su Kudan da Maƙarfi da Ikara, abin lura shi ne masu horarwa sun fi son ganin yaro mai tsawo tun yana ƙaramar sakandare, lokacin da koyon sarrafa ƙafa da kama ƙwallo ya fi sauƙi. Zariya, inda filayen jami'a suka daɗe suna tara masu wasan, ita ce wuri mafi kusa da za a kai irin wannan yaro a gwada shi.