Ladabtar da Fursunoni

Ladabtar da fursuna shi ne hukuncin da hukumar gidan yari take yanke wa ɗaurarren da ya karya dokar gidan, kamar faɗa ko ɓoye wayar salula. Jami'an gidan ne suke zama su yanke shi, don haka akwai haɗarin mai tuhuma ya zama shi ne alƙali.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka fara amincewa da su a 1955, aka sabunta su a 2015 da sunan Nelson Mandela, sun gindaya sharuɗɗa. Dole laifin da hukuncinsa su kasance a rubuce tun kafin a aikata shi. A sanar da fursuna tuhumar cikin harshen da yake ji, a ba shi lokacin shirya kare kansa, da tafinta in ya buƙata, da damar kai kukansa gaban kotu. Ba a hukunta shi sau biyu kan laifi ɗaya, kuma ba a damƙa wa ɗan'uwansa fursuna ikon horar da shi.

Kulle mutum shi kaɗai na sa'o'i 22 ko fiye a rana, ba wanda yake magana da shi, haramun ne idan ya wuce kwana 15 a jere. An kuma haramta duka, da ɗaki mai duhu, da rage abinci ko ruwan sha, da hukunta jama'a kan laifin mutum ɗaya. Hana fursuna ganin iyalinsa ma ba ya cikin hukuncin da aka yarda da shi.